Waifar tsohuwar a-kori-kura: tambayoyin direbobin Tawa da amsoshinsu

Motar da ke ɗauko albasa daga Galmi, ta kai awaki kasuwar Badagishiri, ta kwaso fasinja daga Keita ko Abalak, galibi tsohuwar a-kori-kura ce: Hilux, Land Cruiser, Peugeot 504, nan da can L200 ko Nissan. Masu su na kula da inji da taya da birki gwargwadon hali. Abin goge gilashi kuwa, wato waifa, ba a tunawa da shi sai ranar da hadari ya haɗo, domin wata takwas ake yi ba a ga ɗigon ruwa ba. Ga tambayoyin da direbobi da yaran mota suka fi yi a bakin garaji, da amsoshin da nake ba su.

In an ce waifa ta lalace, me ke nan ya lalace?

Abu ne mai gaɓoɓi da yawa, kowace gaɓa da irin ciwonta. Mu fara daga gilashi mu yi ciki. Akwai robar da ke shafar gilashi, da firam ɗin ƙarfen da ke riƙe da ita. Akwai hannu, wanda sifirin ɗin cikinsa ke danna robar. Hannun na zaune a kan wani ɗan turken ƙarfe mai haƙora da ya leƙo daga jikin mota, an ɗaure shi da noti. A ƙarƙashin faifan da ke gindin gilashi, inda ido ba ya kaiwa, akwai sandunan da suka haɗa turakun biyu da ƙaramin injin lantarki. Daga nan sai wayoyi da fiyus da makunnin da ke gefen sitiyari. Tankin ruwa da famfonsa da bakin feshi su ma 'yan gida ne.

Na jero su ne saboda mutum kan zo ya ce a sa masa sabon inji, alhali noti ne kawai ya kwance. Wani kuma ya yi ta canja roba, alhali sifirin ne ya saki. A fara bincike daga mai araha da ke waje, a bi sannu zuwa mai tsada da ke ciki.

Ruwan da ake yi a nan bai taka kara ya karya ba. To me ke cinye robar?

Rana da ƙura. Ruwan Tawa na shekara kimanin milimita 350 zuwa 400 ne, kuma kusan duk tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watannin robar na kwance a kan gilashi tana gasuwa. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, gilashin da ke rana kuwa ya fi haka nesa. Taɓa shi da azahar ka ji. Hasken rana na busar da roba, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa.

Dubi bakin sabuwar roba: siriri ne, mai kaifi, mai laushi. An yi shi ne ya riƙa kwanciya yana bin bayan hannu. In hannu ya yi sama ya kwanta gefe guda, in ya juyo ya kife ɗaya gefen. A wannan juyawar gogewa take. Robar da ta yi rani guda a kwance gefe ɗaya, a nan take sandarewa kamar busasshen ƙirgi, ba ta ƙara juyawa. Shi ya sa ranar ruwan farko za ka ga ta goge a tafiya, a dawowa sai tsalle da ƙara.

Sai ƙura. Da hunturu direba ya fito da safe ya tarar gilashi ya yi fari fat, ya kunna waifa a bushe. Ƙurar nan yashi ne mai laushi, tana cin bakin roba, tana kuma karce gilashi a lokaci guda. Ba abin da ke kashe waifa a ƙasar nan irin wannan ɗabi'ar, kuma ita na fi roƙon direbobi su bari. Ruwa rabin buta da tsumma sun isa.

Yaushe ya kamata in canja?

Masu ƙera su na cewa bayan wata 6 zuwa 12. A wurinmu lissafin mai sauƙi ne: sau ɗaya a shekara, cikin Mayu, kafin ruwan farko. Wanda ya sa sabuwa a Oktoba, rani ya saya wa.

Kada ka jira sama ta gwada maka. Wanke gilashi, zuba ruwa, kunna. In ta bar layi-layi, ko wani fili da ba ta taɓa ba, ko ta shafe gilashin da hazo, ta gama. Ka kuma bi bakin robar da ɗan yatsa. In ka ji tsagewa ko kaushi, ko ka ga ƙarshenta ya rabu yana lilo, ba sai an yi shawara ba.

Na matsa a kan Mayu ne don yadda hadarin farkon damina ke zuwa mana. Iska da jar ƙura ke shigowa gaba, ɗigon farko ya sauka a kan ƙurar, gilashi ya koma taɓo cikin ƙiftawar ido. A wannan lokacin ne ake bukatar roba mai kyau da ruwa a tanki fiye da tsakiyar Agusta, lokacin da ruwan kansa ke wanke gilashi.

Ta yaya zan san tsawon da ya dace da motata?

Cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa. In ka ce wa mai kanti bale kake nema, wato robar da firam ɗinta, zai gane. A jikin kwali ana rubuta tsawo da milimita ko da inci: 400 shi ne inci 16, 450 inci 18, 500 inci 20. Tsofaffin a-kori-kura gilashinsu ƙarami ne, yawancinsu a tsakanin 400 da 500 suke. Auna kowane ɓangare daban, don a wasu motocin ta direba ta fi ta fasinja tsawo.

Sai dai motar da ta bi hannaye da yawa, ba lallai wadda ka tarar ita ce ta asali ba. Kafin ka cire, kunna ka kalla. In ƙarshenta na hawa robar gefen gilashi, ko biyun na karo da juna, ta yi tsawo. Wasu na ganin doguwa ta fi goge wuri mai faɗi, amma ƙarfin sifirin guda ne. In ka ƙara tsawo, dannawar ta rarrabu, gogewar ta ragu.

Na sayo sabuwa, ta ƙi shiga hannun.

Bakin hannu iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne mai lanƙwasa irin ta ƙugiya, kuma shi ma akwai siriri akwai mai ɗan faɗi. A motocin da suka fi tsufa za ka ga miƙaƙƙen baki da ake zurawa cikin firam, ko mai ɗan ƙusa a gefe, ko wanda ake ɗaurewa da ƙananan sukurori biyu. 'Yan robobin da ke zuwa a cikin kwali na haɗa waɗannan ne, kada ka zubar da su tun a bakin kanti. In babu wanda ya dace, mayar ka canjo. Ɗaurewa da waya na sa firam ya karkace, ƙarshen wayar kuma ya ci gilashi.

Maigida, nuna mini yadda ake sa mai ƙugiya.

To, yaro, abu na farko, ninka tsumma ko kwali ka shimfiɗa a kan gilashi daidai inda hannu zai sauka. Kada ka tsallake wannan. Hannun da aka cire wa firam ƙarfe ne tsirara da sifirin a bayansa. In ya suɓuce ya faɗo, sai ka ga tsaga ta bi gilashi, aikin 'yan kuɗi kaɗan ya zama na sayen gilashi.

Ɗaga hannun har ya tsaya da kansa. Juya firam ya gilma. A inda ya haɗu da ƙugiya akwai ɗan harshen roba. Danna shi, ka tura firam ƙasa wajen gindin hannu, zai fita daga ƙugiyar, sai ka zare. Mutane da yawa sama suke ja, shi ya sa suke karya abin. Sabuwar kuma ka zura ƙugiya ta ramin firam, ka ja sama har ka ji ƙas. Girgiza ka tabbatar ta kama. In an rufe bakin robar da wani dogon murfi mai launi, cire shi, na ajiya ne. Sauke hannun da hannunka har ƙasa, ka zuba ruwa ka gwada. Gama ɗaya kafin ka taɓa ɗayar, don ta zame maka abin dubawa in ka rikice.

Ba zan iya canja robar kaɗai in bar firam ba?

Za ka iya, in firam ɗin lafiyarsa lau: bai lanƙwashe ba, gaɓoɓinsa na motsi, ba su yi sako-sako ba, 'yan faratan da ke riƙe roba ba su buɗe ba. Firam na asali da ya zo da mota sau da yawa ya fi sabon mai araha ƙarko, saboda haka ina goyon bayan wannan.

Robar na da siraran ƙarafa biyu a gefenta. Ƙarshenta ɗaya yana da ɗan kumburi da ke kulle ta. Ta nan za ka ja ta fito. In sabuwar ba ta zo da ƙarafanta ba, mayar da tsofaffin yadda ka same su, lanƙwasarsu na kallon inda take kallo da. Ka tabbatar robar ta bi ta cikin kowane farce, ko ɗaya kada ta tsallake, sannan faɗinta ya yi daidai da na tsohuwar. Yanka tsohon tif na taya a sa a madadinta ɓata lokaci ne, ba shi da bakin da zai juya.

Roba sabuwa ce, amma har yanzu tana tsalle, tana barin ruwa.

A nan ne ake yawan zagin mai kanti ba da laifinsa ba. Abu uku nake dubawa.

Na farko gilashin kansa. Hayaƙin gazuwal na manyan motoci, da maiƙon tsumman da yaron mota ya goge inji da shi ya zo ya goge gilashi, da ƙwarin da suka mutu a tafiyar dare, duk suna barin wani shafi da ido ba ya gani sosai. Roba na maƙalewa a kansa. Wanke da ruwan sabulu sosai, ka ɗauraye, ka goge bakin robar ma da tsumma mai tsabta. Kada esansi ko gazuwal su taɓa roba, kumbura ta suke yi su lalata ta.

Na biyu sifirin. Ɗaga hannu kaɗan da yatsa ka ji ƙarfinsa, ka gwada da ɗayan. In ya taso ba gardama, ya gaji. Wani lokaci sifirin lafiya yake, gaɓar da hannu ke naɗewa ce ta yi tsatsa ta riƙe. Ɗiga mata mai, ka yi ta ɗagawa kana saukewa har ta saki. In bai dawo ba, a canja hannun.

Na uku murɗewar hannu. Alamarta ita ce tsalle a tafiya ɗaya kawai, ɗayar kuma sumul. Kunna waifa, ka kashe makulli daidai lokacin da take tsakiyar gilashi. Leƙa ta ƙarshenta: ya kamata robar ta tsaya cak a kan gilashi, ba ta jingina ko'ina ba. In ta karkata, naɗe hannun da tsumma, ka kama shi da filaya biyu, ɗaya na riƙewa ɗaya na murɗawa, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. Murɗa ɗan ƙanƙani ke gyara shi. Hanyoyinmu masu gargada da masu wankin mota da ke fizgar hannu su ne ke jawo wannan.

Yaya ake cire hannun ɗungurungum?

Bari waifa ta koma mazauninta da kanta, sannan ka kashe mota. Yi alama da alli ko salatif a gilashi daidai inda robar ta kwanta. Ɗaga murfin da ke gindin hannu, za ka ga noti, galibi na kile, wato sifana, mai lamba 12, 13 ko 14. Riƙe hannun da hannu ɗaya kana kwancewa, don kada ƙarfin ya tafi kan sandunan ciki. Wasu tsofaffin ba su da noti, wani ɗan maƙulli ne a gefe ake ja.

Noti ya fita amma hannu ya ƙi fitowa, wannan al'ada ce: turken tsukakke ne ta sama, shekara da shekaru sun manne. Ɗiga mai, ɗaga hannun ya tsaya don sifirin ya daina danna shi, ka riƙa girgiza gindin a hankali. Akwai ɗan abin zarewa da makanikai ke da shi, in ya gagara a aro. Kada ka sa ƙarfe ka yi bankara a jikin gilashi, kada ka kuma doki turken da guduma.

Kafin ka mayar, goge haƙoran turke da burushin ƙarfe. Daidaita robar da alamarka, ka ɗaure noti tamau, ba har ya tsinke ba.

Ina jin inji na aiki, amma hannu ɗaya ko duka biyun ba sa motsi.

Wannan albishir ne, injinka na da rai. Dubi turken yayin da inji ke aiki. In turke na juyawa hannu na tsaye, noti ne ya saki, ko haƙoran cikin gindin hannu sun cinye. Gindin hannu ya fi turke laushi, shi ke fara ci, kuma gara haka, don shi ya fi sauƙin samu. Share garin ƙarfen, ka mayar ka ɗaure. In ya sake zamewa, sabon hannu.

In turken ma ba ya juyawa, sanda ce ta faɗi a ciki. A ƙarshen kowace sanda akwai ɗan ƙoƙon roba mai tauri da ke hawa kan wani dunƙulen ƙarfe. Zafi da shekaru na farfasa shi, gargada ta ƙarasa. Kafin ya faɗi yakan yi gargaɗi: ƙwas-ƙwas a gindin gilashi, ko hannu ya riƙa wuce iyaka yana dukan gefe. Ana samun ƙoƙon shi kaɗai wani lokaci, in ba a samu ba a sayi sandar. Sa masa giris kafin ka danna shi. Ɗaure shi da waya ko robar tif zai kai ka gida, amma ba zai kai ka ƙarshen damina ba.

Kafin ka zura hannu cikin wannan ramin, cire kan batir ko fulogin injin. Ƙaramin inji ne amma giyarsa na da ƙarfin murƙushe yatsa, kuma yana iya motsawa da kansa don komawa mazauni ko da makunni a kashe yake, muddin makulli na buɗe.

Na kunna, shiru, ko motsi.

Fiyus tukuna. In lafiya yake, je wajen injin ka duba fulogi, ko ya saki ko ya yi kore. Sai wayar da ke haɗa inji da jikin mota, wadda makanikai ke ce wa mas. A tsohuwar mota tsatsa kan shiga ƙarƙashinta, kankare wurin har ƙarfe ya yi haske kan tayar da injin da aka riga aka yanke wa ƙauna.

In duk wannan bai yi ba, bar makunni a kunne, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin injin da ƙotar sukudireba. In ya zabura ya tashi, gawayin cikinsa ne ya cinye, kuma mai gyaran lantarkin mota zai iya canja shi ba tare da an sayi inji ba. Gawayin nan uku ne a injin mai gudu biyu, shi ya sa wani lokaci gudu ɗaya ke mutuwa ɗayan na aiki. Daga nan kuma aikin na mai lantarki ne. Shi zai ba injin wuta kai tsaye daga batir ya raba gardama, ko inji ne ko makunni. Ganin ƙwan gwaji ya kama a fulogi bai wanke makunni ba, don a wasu tsofaffin motoci wuta na nan kullum, ta ɓangaren mas makunnin ke yankewa.

Fiyus ya ƙone, ba ni da wani. In naɗa waya?

A'a, don Allah. Ko waya, ko takardar azurfa ta kwalin taba, ko fiyus da ya fi ƙarfi. In mai lamba 20 ka cire, mai lamba 20 za ka mayar. Fiyus na ƙonewa ne don kada wayoyin bayan sitiyari su ƙone, kuma wutar da ta tashi a can ba ta jiran a kawo ruwa. In ka sa sabo ya sake ƙonewa, akwai dalili: ko waya ta goge tana taɓa jiki, ko turaku sun ƙage inji na fama.

Tana aiki, amma da kyar take jan jiki.

Jiƙa gilashi ka gani, a bushe dole ta yi nauyi. In a jiƙe ma haka ne, raba sanda da inji, ka motsa hannayen da hannunka. Ya kamata su tafi ba wahala. In da tauri, turakun ne: ƙura ta shiga ta haɗu da tsohon giris ta daskare. A zare su, a wanke, a sa sabon giris. In kuwa suna tafiya sumul, to ciwon na wajen inji, ko mas, ko batir da ya yi sanyi. Sa sabon inji a kan ƙagaggun turaku kashe shi ne kawai.

In na kashe, sai ta tsaya a tsakiyar gilashi.

A cikin akwatin giyar injin akwai faifan tagulla da 'yan yatsun ƙarfe da ke shafarsa. Aikinsu su ci gaba da ba inji wuta bayan ka kashe makunni, har hannaye su sauka ƙasa. In waifa na tsayawa duk inda ka kashe ta, waɗannan yatsun ne suka yi datti ko suka cinye, ko wayarsu ta tsinke; a buɗe a goge, sau da yawa shi ke nan. In kuwa kullum wuri ɗaya take tsayawa, amma ba a ƙasa ba, an yi kuskure ne wajen haɗawa. Ƙa'idar ita ce, duk wanda zai sa inji ya fara jona fulogi, ya kunna, ya kashe, ya bari injin ya tsaya da kansa, sannan ya ɗaura ɗan hannun da ke jan sanda yadda tsohon yake, daga baya ya sa hannayen waje.

Inji ko sanduna: in sayi sabo ko na hannu?

Roba dai sabuwa ake saya, ita ma a duba kada ta zama wadda ta shekara a rataye a rana a bakin kanti. Lanƙwasa ta ka ji laushinta. Inji da sanduna da hannu kuwa, na asali da aka ciro daga wata motar sau da yawa ya fi sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba. Araha ba ta ado.

Amma sayen na hannu na son ido. Faɗin sunan mota kawai bai isa ba. Tun 1968 ake ƙera Hilux, an sauya mata ƙira sau da dama, kayan wannan ba sa shiga waccan. Land Cruiser jerin 70 ta fito a 1984, a-kori-kurarta ta tashi daga 75 ta koma 79 a 1999. Tafi da tsohon kayan a hannunka, da lambar jikin mota da ke cikin takardunta. Masu 504 sun ɗan fi samun sauƙi ta wajen Ƙonni, saboda an daɗe ana haɗa motar a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975, kayanta sun bazu a kasuwannin Sakkwato da Kano. In ka aika a sayo maka daga Yamai, a kasuwar Katako ko wani wurin, tura hoton kayan ta kowane gefe, har da bakin fulogi, a ƙirga ƙafafunsa.

Abu biyu ke yawan kama mutane. Na ɗaya ɓangaren sitiyari: namu a hagu yake, amma kayan da aka ciro daga motocin Japan ko Ingila ko Tailan na masu sitiyari a dama ne, sandunansu da hannayensu a juye suke, ba za su zauna ba. Na biyu ƙarfin wuta: yawancin motocin nan bolt 12 ne, amma akwai tsofaffin Land Cruiser masu gazuwal da ke aiki da 24. Karanta abin da ke jikin injin. Kuma kada ka biya sai an jona shi da batir a gabanka, ka ga gudu biyun, ka ji ba ya gurnani.

Sababbin nan marasa firam, na roba zalla, sun dace da tsohuwar mota?

Kamfanin Bosch ne ya fito da irinsu a 1999, kuma a motocin zamani suna aiki da kyau. In bakin hannunka ƙugiya ce za su shiga. Sai dai an lanƙwasa su ne don gilashi mai kumburi da hannu mai ƙarfi. Gilashin tsohuwar Land Cruiser kusan shimfiɗaɗɗe ne, sifirin kuma ya sha jiki, sai ka ga ta bar wani wuri ba ta taɓa ba. Ni dai ga tsohuwar mota na fi son mai firam na ƙarfe.

Ruwan wanke gilashi ya daina fitowa.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. A ƙasar ƙura, waifa ba ruwa illarta ta fi amfaninta. Ja makunni ka saurara. In famfo na ƙara, ko tanki ya ƙafe, ko tiyo ya tsage ko ya zare, ko bakin feshi ya toshe. Allura siririya na buɗe shi, da ita kuma ake saita shi ya riƙa bugun tsakiyar gilashi. In famfo shiru, a duba fiyus da fulogi kafin a ce ya mutu. Kada ka yi ta jan makunni tanki ba ruwa, famfon ƙonewa yake.

Tankin da aka daɗe ba a taɓa ba, laka ce kwance a gindinsa. Cire shi ka wanke, ka hura tiyo. Ruwan da za ka zuba ya zama mai tsabta, in na rijiya ne ko na tabki a tace da ƙyalle. Garin sabulun wanki ba ya narkewa duka, yana toshe feshi, yana barin fari a gilashi. In ba ka sami ruwan wanke gilashi na kanti ba, ruwa zalla ya fi.

Tsohuwar ta riga ta karce mini gilashi. Akwai magani?

Bi karcen da farce. In farce bai maƙale ba, mai goge gilashi zai iya rage shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, ba ya fita. Da rana ba za ka damu ba. Da dare ne, a hanyar Tsarnawa zuwa Tawa, fitilar babbar mota za ta bugi karcen ta watsu a idonka, ga amalanken jaki a gefen hanya ba fitila, ga dabbobi na tsallakawa. In karcen na daidai gaban direba kuma kana tafiyar dare, fara tara kuɗin gilashi.

Ta mutu mini a kan hanya ana tsakiyar ruwa. Me zan yi?

Tsaya. Sauka daga kwalta gaba ɗaya, a wuri mai tudu, ka kunna fitilun gargaɗi. Kada ka tsaya a cikin kwari ko bakin ƙorama, ko da a bushe ka gan ta. A ƙasar Adar ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana isowa ba sallama. Ruwanmu da ƙarfi yake zuwa amma sau da yawa ba ya daɗewa, jira ya fi. Ka tuna ba kai kaɗai ba ne, akwai bayin Allah a baya zaune a kan kaya, ba abin da ya tsare su in ka faɗa rami.

In ruwa ya tsagaita, duba abin da ya faru. In robar direba ce ta yage, ciro ta fasinja ka mayar ɓangarenka, hannun da ya rage tsirara kuma ka naɗe bakinsa da tsumma ka ɗaure, ko ka cire shi gaba ɗaya. In noti ne, ɗaure. In fiyus ne, ari mai lamba ɗaya daga abin da ba ka bukata a lokacin, irin na rediyo. Shafa albasa ko sabulu a gilashi da wasu ke yi yana sa ruwa ya ɗan zame na ɗan lokaci, amma yana barin dusashe da ke makantar da mutum in fitila ta haska, ban yarda a dogara da shi ba. Ɗaura igiya a hannun waifa yaron mota na ja ta taga shi ma haka. In ba a raba sanda da inji ba ma, giyar ba za ta bari ya motsa ba, sai dai a lanƙwasa hannun.

Duk lokacin da ka canja, kada ka yar da wadda ta fi dama-dama cikin tsofaffin. Naɗe ta a tsumma ka ajiye bayan kujera inda rana ba ta kaiwa, tare da fiyus biyu masu lambar naka da kilen da ya dace da notin hannu.